Daga Kaset zuwa Faifan DVD: Inda Aikin ke Lalacewa a Kwamfutar Gida

A gidajen Hausawa da dama na Makka da Jidda da Madina akwai akwati ko aljihun tebur da ke cike da ƙananan kaset-kaset na kyamarar bidiyo, waɗanda aka ɗauki ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani da zuwan 'yan'uwa daga gida lokacin aikin Hajji a cikinsu. Yawancinsu an ɗauke su ne daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, zamanin da kyamarar hannu ta yi araha har ta shiga cikin tsarabar da alhazai ke komawa da ita Kano da Damagaram. Wayar salula ta kori kyamarar, amma hotunan suna nan a kan zaren kaset, kuma dattawa da yawa, na nan da na gida, har yanzu faifan DVD suka fi sakewa da shi, domin sakawa kawai ake yi a zauna a kalla. Wanda aka ɗora wa nauyin mayar da kaset ɗin faifai yakan zaci aikin yamma ɗaya ne, sai ya wayi gari ya ɓata faifai da yawa bai samu ko ɗaya mai kyau ba.

Abin da ke jawo wannan asara shi ne ɗaukar aikin a matsayin abu guda, alhali ayyuka huɗu ne da ke bin juna: kwaso hoton daga kyamara zuwa kwamfuta, matse shi zuwa tsarin MPEG-2 wanda DVD ke amfani da shi, tsara shi yadda na'urar kunna faifai za ta gane, sannan buga shi a kan faifan. Kowane mataki yana da irin tasa cutar, amma duk a kan faifan ake ganin alamarta, shi ya sa shi ake ɗora wa laifi. Mutumin da ya ga murya ta saɓa da motsin baki ya sake buga wani faifan, daidai yake da wanda rijiyarsa ta gurɓace yana ta sauya tulu. Kafin a sake taɓa sabon faifai, dole a gano matakin da ɓarnar ta fara.

Abu na farko shi ne sanin irin kyamarar, domin hanyar kwasowa ta dogara da shi. Kaset ɗin VHS-C da Video8 da Hi8 na tsohon tsari ne, hotonsu ba lambobi ba ne, saboda haka sai an bi ta wata ƙaramar na'ura da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ta mayar da hoton lambobi ta miƙa wa kwamfuta ta USB. MiniDV, wanda ya fito a 1995, da Digital8 da Sony ta fitar a 1999, lambobi suke ɗauka tun asali, don haka kwafa ake yi ba tare da hoton ya ragu ba. Akwai kuma masu ɗauka a kan ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8, da masu rumbun ajiya ko katin ajiya a ciki, ciki har da tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka ɓullo da shi a 2006. Masu rumbu ko katin ajiya ba su da wahalar kwasowa, jan fayil ne kawai. Mafi yawan kaset-kaset da ke gidajenmu MiniDV ne, kuma a kansu ne aka fi shan wuya.

Wuyar tana farawa daga waya. Mutum ya ga ramin USB a jikin kyamara, ya haɗa da kwamfuta, kwamfutar ta yi ƙara alamar ta ga wani abu, amma manhaja ta ce babu kyamara. A yawancin kyamarorin MiniDV, ramin USB na kwashe hotuna marasa motsi ne daga katin ajiya, ko na tura ƙaramin hoto mara inganci. Cikakken hoton kaset ta wani ramin yake fita, wanda Apple ke kira FireWire, Sony ke kira i.LINK, a wasu kyamarorin kuma DV kawai aka rubuta a gefensa, duka kuwa abu ɗaya ne mai lamba IEEE 1394. Kwamfutocin yau ba sa zuwa da wannan rami. Mai kwamfutar tebur zai iya sayen katin FireWire ya soka a cikinta, kuma masu wannan sana'a sun fi yarda da katin da ke ɗauke da guntun lantarki na kamfanin Texas Instruments. Mai kwamfutar cinya ta zamani kuwa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya nemi tsohuwa mai ramin a jikinta, irin waɗanda ake samu a kasuwar kayan hannu ta Sawarikh da ke kudancin Jidda. Wayar nan da ake tallatawa, mai kan USB a gefe ɗaya da kan FireWire a ɗaya gefen, ba ta aiki, domin tsarin biyu ba yare ɗaya suke yi ba, kuma waya zalla ba za ta yi musu tafinta ba. Kuɗin da aka ba da a kanta ya tafi, wani lokacin har da lafiyar kyamarar.

Shi kansa ramin da ke jikin kyamara abin lallaɓawa ne. Ƙarami ne ƙwarai, da 'yan haƙora huɗu na ƙarfe a jere a ciki, kuma idan aka haska fitilar waya aka duba da kyau akan tarar ɗaya ya lanƙwashe ko ya nutse saboda an taɓa tura kan waya a karkace. Gefen kwamfutar tebur kuma yawanci mai haƙora shida ne, biyu daga cikinsu wutar lantarki suke ɗauke da ita. Idan aka soka shi a juye ko aka girgiza shi alhali komai na kunne, wutar na iya bi ta layin bayanai ta ƙone ramin kyamarar, daga nan kyamarar za ta ci gaba da nuna hoto a allonta lafiya lau amma babu kwamfutar da za ta sake ganinta. Saboda haka a kashe duka biyun kafin a haɗa, a kunna kwamfuta, sannan a kunna kyamara a juya maɓallinta zuwa wajen kallo, ba wajen ɗauka ba. A kuma jona ta da wutar bango, domin batirin da ya shekara goma sha biyar a ajiye ba zai kai ƙarshen kaset ba.

Idan waya da rami lafiya suke amma har yanzu shiru, sai a duba direban katin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi. Daga Windows 7 Microsoft ta sauya direban FireWire, kuma tsofaffin kyamarori da yawa ba sa jituwa da sabon. A Windows 7 tsohon direban yana nan a ciki, mai laƙabin Legacy, zaɓarsa kawai ake yi a wajen sarrafa na'urori. A Windows 8 da 10 kuwa sai an sauko da shi daga shafin Microsoft an ɗora da hannu. Manhajar kwasowa ba ta bukatar zama babba. WinDV ƙarama ce, kyauta ce, ba ta taɓa hoton, tana kuma nuna adadin hotunan da suka zube a hanya, wanda shi ne lambar da ta fi kowace muhimmanci a wannan mataki. A ganina ta fi manyan manhajojin da ke alkawarin yin komai da dannawa ɗaya, domin waɗancan idan suka gaza ba sa faɗin inda suka gaza.

Sai kuma kaset ɗin da kan da ke karanta shi. Idan hoto yana farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai, ko wasu faffaɗan layuka suna ratsa shi a kwance, ko murya tana yankewa, a fara kallon allon kyamarar kanta. In ɓarnar tana can, babu ruwan kwamfuta. Ko dai kan karatun ya yi datti, wanda ba abin mamaki ba ne ga na'urar da ta sha ƙurar Makka, ko kuma an ɗauki kaset ɗin a tsarin LP. Kaset mai minti 60 yana ba da minti 90 a LP, amma layukan da ake rubutawa a kan zaren sun fi matsuwa, har ta kai ga sau da yawa kyamarar da ta ɗauka ce kaɗai ke iya karanta shi daidai. Wanda ke da kaset na LP, ya nemi ainihin kyamarar ko da tana hannun wani ɗan'uwa a Madina, kafin ya yanke hukuncin cewa kaset ya mutu. Datti kuwa kaset na musamman na tsabtace kan karatu ke fitar da shi, a bar shi ya yi tafiyar daƙiƙa goma kacal, kada a yi ta maimaitawa, domin kankare kan yake yi a hankali.

Akwai wata matsala da mazauna Jidda suka fi kowa saninta. Kyamarar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya, aka fito da ita cikin zafi da laimar bakin teku, raɓa takan kwanta a kan gangar da zaren ke zagayawa. Kyamarar za ta nuna alamar ɗigon ruwa ta ƙi motsi, kuma gara da ta ƙi, domin zaren da ya manne a kan ganga mai laima yamutsewa yake yi. Maganinta a cire kaset, a bar murfin a buɗe na kamar awa ɗaya a ɗakin da za a yi aikin. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye kuma yana da kyau a tura shi har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya kafin a fara, don zaren ya saki jiki, a kuma tura ɗan makullin da ke gefensa zuwa wajen hana ɗauka, kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure.

Hoton DV, wato irin wanda ke fitowa daga kaset na MiniDV da Digital8, yana da nauyi: megabit 25 a kowace daƙiƙa, in an haɗa da murya da sauran bayanai kuma kusan gigabayit 13 a awa ɗaya. Wanda kwasowarsa ke tsayawa cak bayan kamar minti 18 ko 19 a kowane gwaji, ba kaset ne ke da matsala ba. Rumbun da yake zubawa a ciki yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4, kuma filas da yawa da tsofaffin rumbunan waje a haka suka zo daga shago. A koma rumbu mai NTFS ko exFAT. Zubewar hotuna kuma tana faruwa ne idan kwamfuta ta shagala, domin kaset ba ya jira. Yana tafiya da saurinsa, abin da kwamfutar ba ta cafke ba ya wuce. A rufe intanet, a dakatar da manhajar binciken ƙwayoyin cuta, a hana kwamfutar yin barci, kuma kada a taɓa ta har awar ta cika. Idan lambar hotunan da suka zube ta tashi daga sifili a tsakiyar ɗauka, a sake kwasowa. Wanda ya ce zai gyara a gaba, wahala ya ɗaga wa kansa.

Saɓanin murya da hoto iri biyu ne, kuma bambance su yana rage rabin aikin. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gyaranta mai sauƙi ne, a ja layin murya gaba ko baya a manhajar tacewa. Idan kuwa a farko komai daidai yake, amma kafin a kai ga addu'ar rufe taro liman ya shafa fuska muryarsa na nan tana karatu, to tazarar girma take yi, kuma dalilinta ɗaya ne daga biyu. Ko hotuna sun zube lokacin kwasowa, hoto ya gajarta murya ta tsaya yadda take, ko kuma ma'aunin muryar ne. Kyamarorin MiniDV suna ɗaukar murya a kilohaz 48 ko a kilohaz 32, kuma da yawa daga cikinsu a kan 32 suke fitowa daga kamfani, alhali DVD 48 yake bukata. Manhaja mai kyau tana yin juyin da kanta. Inda ake samun cikas shi ne kaset ɗin da aka ɗauki rabinsa a wannan ma'auni, rabi a wancan, saboda ya ratsa hannun mutum biyu ko kyamara biyu. Irin wannan sai an raba shi gida biyu an juya kowane ɓangare daban.

Wani aibin kuma ana ɗora wa kwamfuta shi alhali tun ranar bikin aka ɗauke shi. Wutar lantarkin Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, saɓanin ta Nijeriya da Nijar da Sudan mai bugawa sau 50, kyamarorin da aka fi sayarwa a nan kuwa na tsarin hoton talabijin da ake kira PAL ne, masu tafiya da lissafin 50. Idan aka yi ɗauka a istiraha, wato gidan da ake haya don taro, ko falo mai dogayen fitilun nan farare, hasken yakan riƙa rawa a hoton, yana ƙaruwa yana raguwa, an fi ganinsa a kan farin bango da fararen riguna. Da an saita saurin ƙiftawar kyamarar ya dace da wutar a lokacin ɗauka, da bai faru ba. Yanzu kuwa yana kan kaset, sake kwasowa ba zai cire shi ba. Wasu manhajojin tacewa suna rage shi, amma ni ban ga dalilin ɓata kwanaki a kansa ba, tunda babu wanda ke kallon bikin 'yarsa don ya duba fitila.

Matsewa lissafi ce. Faifai mai shimfiɗa ɗaya an rubuta gigabayit 4.7 a jikinsa, Windows kuma takan nuna kusan 4.38, domin lissafinsu ya bambanta, ba wai an cuci mai saye ba. Awa ɗaya ta DV ta ninka wannan kusan sau uku, don haka dole a matse. Ƙa'idar DVD ta kayyade hoto kada ya wuce megabit 9.8 a daƙiƙa, hoto da murya a haɗe kada su wuce 10.08. Awa ɗaya tana shiga da kyau a kan megabit 8, awa biyu sai an sauko ƙasa da 5 kaɗan, awa uku kuwa wajen 3 ne. Fim ɗin kamfani yana jure matsi saboda an ɗauke shi da haske mai kyau a kan kyamara mai ƙafa. Hoton biki da aka ɗauka da hannu, da dare, kyamara na yawo daga wannan fuska zuwa waccan, cike yake da motsi da ƙura-ƙuran duhu, kuma waɗannan su ne suka fi cin wuri. Shi ya sa nake ganin kaset ɗaya faifai ɗaya shi ne daidai, in an matsa a tsaya a awa ɗaya da rabi. Murya ma tana da nata kason: in aka bar ta ba matsi a tsarin PCM, tana cin kusan megabayit 690 a awa, alhali matsattsen tsarin murya na AC-3 yawanci ba ya cin ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Haka kuma kada a kai ma'aunin hoto ƙurewa don neman inganci, domin tsofaffin na'urori sukan yi tuntuɓe a kan faifan gida da aka cika wa ma'auni.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware game da aika faifai gida. Mutum ya aika faifai Kano ko Maraɗi aka ce ya ƙi yi, sai a ce ai lambar yanki ce. Gaskiya ne Saudiyya tana yanki na 2 tare da Turai da Japan, Nijeriya da Nijar da Sudan kuma suna yanki na 5, amma wannan kulle na faifan kamfanonin fina-finai ne. Faifan da aka buga a gida ba shi da lambar yanki. Abin da ke iya hana shi yi shi ne tsarin hoto. PAL yana da ɗigo 720 a kwance da layi 576, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC, na Amurka da Japan, yana da layi 480 da hoto 29.97. Manhajoji da yawa a kan NTSC suke zuwa, mai aiki bai lura ba, sai su juya hoton PAL zuwa NTSC, motsi ya riƙa tsalle, kaifin hoto ya ragu, a tsohuwar talabijin ma ya fito baƙi da fari. Ƙa'idar ita ce a duba abin da aka rubuta a jikin kyamarar, a bar faifan a kan tsarin da aka yi ɗauka da shi. Ba a juyawa sai in Amurka za a aika, inda na'urori da yawa ba sa karɓar PAL. Masu kwaso Hi8 ko VHS-C ta na'urar USB su ma su duba wannan zaɓi tun a matakin farko, domin hoton da ke zuwa ba launi ko yana birgima daga nan yake.

Matsalar da ta fi ɓuya ita ce ta jerin rabin hoto. Kyamarar kaset ba ta ɗaukar hoto cikakke a lokaci guda. Tana ɗaukar layukan da ke tsallake juna kashi biyu, ɗaya bayan ɗaya, rabi 50 a daƙiƙa a tsarin PAL. A DV, rabin ƙasa ne ke fara zuwa. Na'urorin kwaso tsohon kaset da yawa, da kuma AVCHD, rabin sama suke farawa da shi. Idan aka gaya wa manhajar matsewa akasin gaskiya, talabijin za ta riƙa nuna na baya kafin na gaba. Muddin mutane na zaune ba a ganin komai. Amma da zarar mai ɗauka ya juya kyamara a hankali yana bin sahun baƙi da ke kewaye da farantan shinkafa, sai hoton duka ya kama karkarwa, hannun da aka miƙa don gaisawa ya zama kamar biyu, mai kallo ya ji idonsa na ciwo. Abin haushin shi ne a allon kwamfuta ba lallai a gani ba, sai an kai talabijin. Kada kuma a rikita wannan da 'yan haƙoran matsefi da ake gani a gefen abu mai motsi idan ana kallon fayil ɗin DV a kwamfuta. Wannan ba aibi ba ne, haka hoton yake, talabijin da na'urar faifai sun san yadda za su haɗa shi. Wanda ya goge su kafin matsewa ya zubar da rabin santsin motsin a banza.

In mutane sun fito dogaye sirara, ko gajeru masu faɗi, alamar faɗin allo ce aka saɓa. DV yana ajiye 4:3 da 16:9 a cikin adadin ɗigo ɗaya, wata 'yar alama ce kawai ke bambanta su, sai a gyara ta a manhajar tsarawa.

Tsarawa ita ce matakin da aka fi tsallakewa ba a sani ba. Jan fayil ɗin bidiyo a jefa a kan faifai yana ba da faifan ajiya ne kawai. Faifan da kowace na'ura ke karantawa dole ya ƙunshi jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayilolin VOB masu ɗauke da hoto da murya, kowanne bai wuce gigabayit 1 ba, da fayilolin IFO masu gaya wa na'ura inda komai yake, da BUP waɗanda kwafin IFO ne. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne wasu na'urori na baya-bayan nan, musamman masu ramin filas, suna karanta fayil zalla, sai faifai ya yi a gidan wanda ya buga, ya ƙi yi a gidan surukinsa a unguwar Misfala ta Makka. Wasu nau'o'in Windows Vista da 7 suna da manhajar tsara faifai ta DVD Maker, amma an cire ta daga Windows 8, wadda ita da Windows 10 ko kallon DVD ba sa yi sai an ɗora musu wata manhajar kallo kamar VLC. DVDStyler kyauta ce kuma tana wadatarwa. Wajen rubuta sunaye a shafin zaɓi, a duba da ido kafin a wuce: haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ sukan fito akwatuna in nau'in rubutun ba shi da su, rubutun Larabci kuma wasu manhajojin sukan wargaza haruffansa ko su jero su daga hagu. A kuma nisanta rubutu daga bakin allo, domin tsohuwar talabijin tana cinye gefe.

Kafin a sa faifai, a sa manhajar ta ajiye jakar VIDEO_TS a rumbun kwamfuta, a buɗe ta da VLC, a duba farko da tsakiya da ƙarshe, musamman dacewar murya a mintocin ƙarshe. Sannan a yi gwajin farko a kan faifai mai goguwa, DVD-RW, a kai shi talabijin a duba wurin da kyamara ke juyawa. Sai abin da ya tsallake waɗannan biyun ne ya cancanci faifan dindindin.

A matakin bugawa ne kaɗai faifai ke iya zama mai laifi da gaske, kuma alamominsa sanannu ne: na'ura ta yi ta juyi ta ce babu faifai, ko hoto ya tafi lafiya sai wajen ƙarshe ya fara tsayawa. Tsayawar ƙarshe tana da dalili, domin ana rubutu ne daga tsakiya zuwa baki, kuma a bakin ne faifai mai araha ya fi rauni, shi ya sa bai kamata a cika shi maƙil ba. Faifan da aka rubuta saurin bugawa 16x a jikinsa, a rage saurin a buga shi a 4x ko 8x. Nau'in faifai na DVD-R ya riga na DVD+R fitowa, wanda sai a 2002 ya shigo kasuwa, don haka tsofaffin na'urori sun fi karɓar na farkon. Faifai mai shimfiɗa biyu, na gigabayit 8.5, ya fi tsada kuma ya fi saurin ba da matsala a wurin da ake tsallakawa daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Raba bikin faifai biyu ya fi kwanciyar hankali. Manhajar buga faifai ta ImgBurn tana gane jakar VIDEO_TS ta tsara faifan yadda ƙa'ida ta ce, ta rufe shi, ta kuma sake karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali, kuma wannan gwajin bai kamata a tsallake shi don gaggawa ba. Rufewar nan ita ce kuma matsalar ƙananan faifan kyamara masu santimita 8: in ba a rufe su a cikin kyamarar ba, kwamfuta takan nuna su kamar babu komai a ciki, kuma wanda ya yarda ya danna gogewa da Windows ta tambaye shi ya yi babbar asara. A mayar da faifan cikin kyamarar da ta ɗauka, ko irinta, a jona wuta, a rufe shi.

Bayan an gama, a rubuta suna da alƙalami mai taushin baki, kada a manna takarda, domin tana karkata nauyin faifai kuma zafi na ɗaga ta. Faifan gida rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura ya ƙona, kuma rana da zafi suna ci gaba da aiki a kan rinin, don haka wanda aka bari a gaban mota da azahar a Makka ba a sa ran ya sake yi. Saboda wannan, da kuma cewa MPEG-2 ya riga ya zubar da wani kaso na hoton, ba daidai ba ne a goge fayil ɗin DV don an ga faifai ya yi kyau. Kaset ashirin ba su wuce gigabayit 260 ba, abin da ƙaramin rumbun waje ke ɗauka har da saura. A ajiye su a rumbu biyu, ɗaya a wani gidan daban, a rubuta wa kowane fayil sunan taron da shekararsa, daga cikinsu ne za a sake buga faifai in na farko ya lalace, daga cikinsu ne kuma za a fitar da MP4 na turawa a WhatsApp. Kaset ɗin ma a mayar da shi farko, a sa shi a kwalinsa a tsaye, a ɗakin da ba ya zafi, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu.